Doguwar Tafiya a Kan Babur ta Tsohuwar Hanyar Fatake: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wanda ya fito daga Janfalan ko Ikara ko Maƙarfi a kan babur, ya hau babban titi a Tashar Yari, abu ɗaya ne a ransa: ya isa Zariya ko Kano, ya gama uzurinsa, ya dawo gida kafin magariba. Kaɗan ne ke tuna cewa kwaltar da ke ƙarƙashin tayarsu yanki ce ta wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 4,500. Ta taso daga Legas, ta biyo ta Ibadan da Ilori da Kaduna da Zariya da Kano, ta shiga Nijar ta Damagaram da Agadas, ta ratsa Sahara, ba ta tsaya ba sai birnin Aljas a bakin Bahar Rum.

A Amurka akwai wata hanya da ba ta kai wannan tsawo ba, ba ta kuma kama ƙafarta a shekaru ba. Duk da haka, kowace shekara mutane na tasowa daga Turai da Asiya, su biya kuɗin jirgi, su yi hayar babur, don kawai su bi ta daga farko zuwa ƙarshe. Ya kamata mu san dalilin haka, mu san abin da tamu hanyar ta ƙunsa, mu kuma san yadda mai ƙaramin babur zai bi ta ya dawo gida lafiya.

Hanyar Amurka da ta mutu ta farfaɗo

Sunanta Hanya Mai Lamba 66. An ba ta wannan lamba ranar 11 ga Nuwamba, 1926. Ta tashi daga Shikago ta nufi yamma, ta ratsa jihohi takwas, ta ƙare a gaɓar teku a Kalifoniya. Tsawonta ya kusa kilomita 3,940, kuma sai a 1938 aka gama shimfiɗa mata kwalta gaba ɗaya. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin Oklahoma da maƙwabtanta, ta nan manoma suka ɗaure komatsansu a kan tsofaffin motoci suka tafi neman abinci. Garuruwan bakin hanyar sun rayu da matafiya: gidajen mai, masaukai, wuraren cin abinci, garejin bakanikai.

A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tituna masu hannu biyu da ke kewaye garuruwa. Sannu a hankali sababbin titunan suka janye motoci, har a 1985 aka soke lambar hanyar daga taswira. A ƙaramin garin Seligman na jihar Arizona, sabon titi ya kewaye su tun 1978, kasuwa ta mutu, shaguna suka rufe. Wani mai aski a garin, Angel Delgadillo, ya tara 'yan'uwansa masu shaguna a 1987, suka kafa ƙungiya, suka matsa wa gwamnatin jiharsu lamba har ta amince wannan yanki na hanyar wurin tarihi ne, aka kafa alluna. Sauran jihohin suka yi koyi. A 1999 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta tallafa wa gyaran tsofaffin gine-ginen bakin hanyar.

Yau masu manyan babura irin su Harley-Davidson kan kwashe kusan mako biyu suna bin ta, suna kwana a ƙananan garuruwa, suna kashe kuɗinsu a can. Wanda ke gaggawa sabon titi yake bi. Masu babur na zuwa ne domin mutanen garuruwan sun adana labarin hanyarsu, sun kuma iya ba da shi.

Tamu hanyar ta girme ta da ɗaruruwan shekaru

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, aka buɗe hanyoyin fatauci tsakanin Barno da Gwanja, raƙuma suka yawaita a ƙasar Hausa. Ba da jimawa ba gishirin Azbin ya zama kayan kasuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ta zama mahaɗar ayarin arewa da na kudu. Daga arewa ana kawo gishiri da kanwa da dabino da dawaki da hajar Larabawan Gadamus da Tarabulus. Daga kudu ana kawo goro da auduga, kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa har da bayi. Ƙasar Zazzau ta arewa, wato yankinmu, tana tsakiyar wannan kai-komo.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Azbin ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Garin Kura, wanda kuke wucewa a mota ba ku waiwaya ba, shi ne ya yi suna wajen rinin baƙin rawani mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara.

Ta tsakanin Zariya da Kano ne kuma yaƙi ya bi. Ranar 29 ga Janairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi daga Zariya. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga wata suka shiga Kano, lokacin Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. Tafiyar da ta ci musu kwana shida, yau kilomita 137 ce ta kwalta. A 1911 layin dogo ya isa Kano, ya ratsa ƙasar Maƙarfi ta Gimi, gyaɗa ta fara tafiya kudu a cikin tarago. Daga nan darajar ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ta faɗi, arzikin ƙasar ya juya fuska zuwa Legas.

Ke nan abin da ya sami Seligman ya sha samun garuruwanmu. Jirgin ƙasa ya karɓe ciniki daga zangon fatake, mota ta karɓe daga tashar jirgi. Duk sanda hanya ta kauce, wani gari ya tashi, wani ya kwanta.

Waɗanda suka riga suka bi ta da babur

Ranar 11 ga Disamba, 1934, wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai kujerar gefe, suna jan ƙaramar tirela. Sun tsallaka zuwa Aljas, suka bi ta In Salah da Tamanrasset, babu kwalta. Injin ya lalace musu kafin Agadas, suka zauna a garin makonni suna jiran kayan gyara. Daga can suka gangaro Kano, suka ci gaba har birnin Kef a Afirka ta Kudu, inda suka isa ranar 29 ga Yuli, 1935.

A ƙarshen Disamban 1978 aka fara tseren Faris zuwa Dakar. Zagayen farko ya biyo ta Aljas da Tamanrasset da Agadas da Yamai, kuma wanda ya zo na ɗaya a masu babur, Cyril Neveu, Yamaha ya hau. Shekaru da dama bayan nan Agadas ta ci moriyar baƙi masu babur da mota: masu masauki, maƙeran azurfa, bakanikai, da Buzaye masu ja-gora duk sun samu.

Rashin tsaro ya yanke wannan ciniki. A 2022, da ɗan Najeriya Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur don wayar da kai game da cutar shan inna, ya yi kusan kwana 40 a hanya, amma ta Maroko da Muritaniya da Senigal ya zagayo. Tsakiyar Sahara ta fita daga lissafin mai tafiya shi kaɗai.

Abin da za ku gani, zango bayan zango

Wanda ke son ya fara daga tushe sai ya fara daga Zariya. Akwai ganuwa da ƙofofinta, da fadar Sarkin Zazzau, da dutsen Kufena. Akwai tarihin Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarim a shekarun 1830. Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, abin da ke tuna mana cewa ginin ƙasa ba ya jiran sai mun shirya.

Daga Zariya hanya ta shiga ƙasar rake. Fadamun Maƙarfi da Kudan suna ciyar da kasuwannin rake na jihohi da yawa, kuma a nan za ku ga yadda ake matse shi a dafa mazarƙwaila. Ikara ta yi suna da tumatir da masara. Tsofaffin garuruwa irin su Likoro da Kudan da Paki da Auchan ba a kan babban titi suke ba, sai an ratse, kuma a nan ne babur ya fi mota amfani.

Da kun kai Kwanar Ɗangora kun shiga jihar Kano. Ku ratse ku ga Bebeji. Gaba kaɗan sai filayen noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa tun shekarun 1970: shinkafa, alkama, albasa, tumatir. A cikin birnin Kano kwana ɗaya ba ya isa. Akwai Dala da Gwauron Dutse, Gidan Rumfa, gidan tarihi na Gidan Makama, karofin Ƙofar Mata, da lungunan Kurmi inda har gobe ake sayar da kayan doki da kanwa da turare.

Daga Kano hanya ta miƙe arewa ta Kazaure zuwa Daura, tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba. A nan ƙasa ke fara canza kama: itatuwa na raguwa, gero na maye gurbin masara, rairayi na bayyana. A Daura akwai rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajida da asalin Hausa Bakwai ya rataya a kanta. Kusa da nan ne iyakar Kwangwalam.

A tsallaken iyaka, ta Matamaye, sai Damagaram, kimanin kilomita 240 daga Kano. Tana da unguwar Birni mai zanen bango da fadar Sarki, da unguwar Zango inda fatake ke sauka. Ita ce hedkwatar Nijar ta 'yan mulkin mallakar Faransa har 1926, lokacin da aka mayar Yamai. Daga nan zuwa Agadas, ta Tanut, kimanin kilomita 450 ne. Hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Inda ya kamata a tsaya a yau

A wannan zamani, mai babur daga yankinmu ya ɗauki Zariya zuwa Daura a matsayin tafiyarsa. Wanda takardunsa suka cika, ya kuma tabbatar da halin da iyaka ke ciki, yana iya ƙarawa zuwa Damagaram. Arewa da nan, musamman bayan Agadas zuwa Arlit da Assamaka, ƙasa ce ta ƙishirwa da 'yan fashi, motoci ma a ayari suke tafiya.

Sha'anin iyaka yana canzawa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka ku tambayi jami'an shige da fice da na kwastan kafin ku ɗaura niyya. Ku tanadi fasfo, da katin allurar shawara, da takardun babur na asali masu sunanku. Kada ku bi ɓarauniyar hanya, ko da wani ya ce ta fi sauƙi.

A cikin gida ma babur na da dokoki na musamman. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana goyo a babur cikin birni, Kaduna ma ta hana acaɓa a wasu manyan garuruwanta, kuma jihohin da ke fama da 'yan bindiga sun sha taƙaita zirga-zirgar babura a wasu ƙananan hukumomi. Baƙo a kan babur da jaka a baya abin zargi ne a wurare da yawa. Ku riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, ku tsaya a kowane shingen bincike, ku cire hula ku yi sallama, ku faɗi inda kuka fito da inda za ku.

Shirin babur da na mai babur

Baburan da muke hawa, Bajaj da Jincheng da Haojue da 'yan'uwansu, ƙananan injina ne da aka ƙera don gajerun tafiye-tafiye. Suna iya doguwar hanya idan ba a takura musu ba. Kafin tashi ku kai wa bakanike ya juye baƙin mai, ya duba birkin gaba da na baya, ya ɗaure sarƙa ya sa mata mai, ya gwada fitila da sigina da ham. Tayar da ta suɗe a canza ta a gida, kada a ce za ta kai. A cikin jaka a sa tib na ajiya, da kayan faci, da famfo, da filogi, da wayar kuloci, da 'yan sifanu, da tocila.

Ku riƙa tsayawa kamar bayan kowace awa ɗaya, inji ya huce, ku ma ku miƙe ƙafa ku sha ruwa. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta sa wa babur iyakar gudun kilomita 50 a awa. Da wannan lissafi, kilomita 150 zuwa 200 a yini ya ishi mai son ya ga gari. Ku sha mai a gidan mai tun tanki bai yi rabi ba, domin na bumburutu wani lokaci gauraye yake.

Hular kwano wajibi ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairu, 2009, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Sai an ɗaure igiyarta a haɓa take aiki. A haɗa da takalmi sau-ciki, da safar hannu, da riga mai kauri, da riga mai ƙyalli a sama. Babbar riga da rawani mai jela a naɗe su a jaka, domin sarƙa da taya na kama su. Lasisin tuƙi, lambar babur da inshora su kasance a hannu.

Babban abin tsoro a titin Zariya zuwa Kano shi ne manyan motoci. Tirela na da wuraren da direbanta ba ya ganin mai babur ko kaɗan, musamman daf da gefenta da bayanta, kuma iskar da take turowa na iya kayar da ƙaramin babur. Ku riƙe gefen dama, ku ba ta tazara, kada ku shiga tsakanin biyu. Kada ku bi hannun da ba naku ba don gudun zagaye. A ranakun kasuwa ku rage gudu tun daga nesa, saboda yara da dabbobi da masu talla.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, sanyi bai tsananta ba. A tsakiyar hunturu hazo na rufe hanya, a bazara zafi na gajiyar da mutum da inji, da damina kuma laka da zaizayar ƙasa na hana ratse.

Tsarin fatake bai tsufa ba

Fatake ba sa tafiya a warwatse. Ayari na da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, da jagaba a gaba wanda ya san hanya, da mai kula da baya don kada a bar kowa. Suna sammako, su sauka a zango tun rana na sama. Masu babur su ɗauki wannan tsari yadda yake. Mutum uku zuwa biyar sun isa. A naɗa shugaba, a sa wanda ya fi iya gyara a baya, a haɗa kuɗin mai da na abinci a hannun mutum ɗaya. A tashi bayan sallar asuba idan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya. Tafiyar dare babu ita ko kaɗan.

A kowane gari a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi izini kafin a ɗauki hoton fada ko masallaci ko mutane. Matambayi ba ya ɓata: direbobin tasha da masu faci sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki a ranar. A sanar da gida zangon da aka sauka kowace yamma. A kuma fara da kaɗan. Wanda bai taɓa yin yini guda yana zagaya Ikara da Paki da Maƙarfi da Hunƙuyi ba, bai kamata ya fara da Daura ba.

Abin da ya rage a kanmu

A 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jiragen suka fara aiki sosai, wani kaso na fasinja da kaya zai bar titi. Masu shayi da masu tsire da masu rake na bakin hanya za su ji a jikinsu, kamar yadda masu zango suka ji a 1911. Garin da zai tsira shi ne wanda ke da dalilin da zai sa matafiyi ya tsaya da gangan.

Wannan dalili yana nan, sai dai yana bakin dattawa, kuma dattawa na tafiya. Su ne suka san inda zangon fatake yake a kowane gari, da rijiyar da ayari ke sha, da inda ganuwa ta bi kafin a mai da ita gona, da gidan da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Matasan da ke da babur da waya suna iya zuwa su zauna da su, su naɗi muryarsu, su rubuta. Malaman tarihi na makarantun sakandare da na Jami'ar Ahmadu Bello suna iya tantancewa. Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tare da hakimai, suna iya kafa allo da Hausa a kowane wuri, su hana a rushe abin da ya saura. Kuɗin wannan aiki bai kai na kwalbati ɗaya ba.

Mutanen Seligman sai da suka yi shekara tara suna kallon titi babu mota kafin su tashi tsaye. Tamu hanyar tana da rai, kasuwanninta na ci, masu labarinta ba su ƙare ba. Yanzu ne aikin ya fi sauƙi, kuma mutanen yankin ne suka fi kowa cancantar su fara shi.